Kayan Mai Hijira

Duk lokacin da aka zo ba da tarihin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, marubutanmu sun fi tsayawa a kan yaƙi: yadda Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, da yadda Sarkin ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ba kasafai muke tambayar abin da ke cikin mangalar mutanen da suka bi shi ba, alhali kuwa duk magidancin da ya ɗaura niyyar gabas sai da ya tsaya a tsakar gida ya raba abin da ya mallaka kashi biyu, wanda jaki zai iya ɗauka da wanda za a bar wa Allah.

Abin ba baƙo ba ne gare mu Zamfarawa. A watan Fabrairu na 1804, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu, littattafai na cikin abin da aka fara ɗaurewa, aka aza su bisa raƙuma da taimakon Malam Agali, wani malami Buzu. Jama'ar nan ce ta zo ta zauna a Sabon Gari, nan ƙasar Zamfara, a 1805. Shekara ɗari ba ɗaya bayan tashin Ɗagel, sai ga ayarin Attahiru ya ratsa ta Gusau, mutane suna ta barin garuruwansu suna mara masa baya, ga damina na ƙaratowa.

To, mu ɗauki magidanci a Anka ko Gummi ko Bukkuyum a wancan zamani. Arzikinsa gona ce da rumbu da 'yan bisashe, kuma bisashen kaɗai ke tafiya da ƙafarsu. Turmi da randa da dutsin niƙa ba a ma maganarsu. Uwargida za ta dubi jerenta na ƙore, wanda uwarta ta tara mata, ta zaɓi biyu ko uku, ta rabar da saura ga maƙwabta. Mundaye da murjani kuwa a jiki suke tafiya. Hatsi a ɗebi na guzuri, a haɗa da daddawa da kuka da yaji. Sai salka, da buta, da buzu, da Alƙur'ani cikin gafaka.

Babbar wahala ita ce kuɗi. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma ga mai dogon zango wurin nan kansa kaya ne. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda, raƙumi kuma yana ɗaukar kamar wuri 100,000. Ke nan kayan raƙumi sukutum dala arba'in ne, abin da mutum zai ƙulle a lalitarsa. Kafin 1903 darajar wuri ta ƙara faɗuwa. Don haka mai dabara yakan mai da dukiyarsa azurfa, ko turkuɗi da rigunan saƙi masu kasuwa a gaba. Akwai kuma abin da ba mu son faɗa: masu hali a hanyar Makka kan tafi da bayi, su riƙa sayar da su zango-zango don biyan bukata. Marubucin da ya tsallake wannan ya rage wa tarihi gaskiyarsa.

Ba kowa ya tafi ba. Waziri Buhari ya komo Sakkwato, har ya rubuta risala yana bayyana hujjar waɗanda suka zauna. Waɗanda suka tsira daga Burmi kuwa suka ci gaba bayan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa ya ɗauki sunansa. Mahajjatan ƙasa sun daɗe suna bin wannan hanya ta Wadai da Darfur zuwa Sawakin, guzuri na ƙarewa a tsaya a yi ƙodago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa suka yada zango na shekara guda, ya zame musu na har abada.

Jikokinsu sun yi rumbuna da randuna irin waɗanda kakanninsu suka bari a nan. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya isa jihar Sinnar a 2024, mutane suka sake ɗaure kaya a ka.