Yadda Sandika Ta Zama Garkuwar Ma'aikacin Gwamnati a Magarya da Dungas

Duk malamin lakwal ko ma'aikacin likita da ke aiki a ƙauyukan Magarya da Dungas ya san kalmar sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. Ita ce mafakarsa idan albashi ya makara ko aka yi masa canjin wurin aiki ba bisa ƙa'ida ba. Tushenta kuwa yana can zamanin mulkin mallaka.

A lokacin Faransawa, ma'aikata hawa biyu ne. Bature da ɗan ƙasa suna aiki ɗaya, amma albashi da alawus ba ɗaya ba. Sai a 1944 aka halatta wa 'yan Afirka ta Yamma kafa ƙungiyoyin ƙwadago sosai, kuma malamai da akawuna da ma'aikatan gidan waya na cikin waɗanda suka fara shiga. Yajin aikin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952 ya matsa wa Faransa, ta fitar da dokar aiki ta ƙasashen da take mulka a watan Disamba na shekarar. A Nijar, Djibo Bakary ne ya yi fice a wannan gwagwarmaya kafin ya jagoranci jam'iyyar Sawaba. Da aka haramta jam'iyyarsa a 1959, ƙungiyoyin da ke bayansa suka durƙushe.

Gwamnatin Diori Hamani ta tattara ma'aikata cikin uwar ƙungiya ɗaya, UNTN, wadda ta koma USTN a zamanin Seyni Kountché. Shekara da shekaru tana tafiya da bakin gwamnati. Tura ta kai bango ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, USTN ta haɗa kai da ɗalibai, ta yi ta kiran yajin aiki har shugaban ƙasa, Janar Ali Saibou, ya amince da jam'iyyu da yawa a watan Nuwamba. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin André Salifou, haifaffen Damagaram.

Dimokuraɗiyya ta zo, amma baitulmali a bushe yake. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin albashi ya taru wata bisa wata. Ma'aikacin da ke bakin iyaka, irin na Magarya da Dungas, ya sha wuya ninki biyu: yana nesa da Yamai inda ake yanke shawara, ga iyali, ga bashin 'yan kasuwa. Rikicin shugabanci ya kuma raba kan ma'aikata. Sabbin uwayen ƙungiyoyi suka fito, CNT a 1996, CDTN a 2001, kuma ƙungiyar malamai ta SNEN ta zama ɗaya daga ginshiƙan CDTN.

Abin da ya fi taɓa yankinmu shi ne tsarin da ya soma a ƙarshen shekarun 1990, na ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama 'yan kwantaragi. Makarantu sun yaɗu a karkara, amma mafi yawan masu riƙe alli ba su da lambar cikakken ma'aikaci, ladansu kaɗan ne, kuma yakan makara. A ƙasa mai cunkoson jama'a irin Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, su ne ke koyar da yara cikin azuzuwan zana. Wannan hali ne ya haifar da ƙungiyoyi irin SYNACEB, waɗanda babbar buƙatarsu ita ce a biya kan lokaci, a kuma shigar da su aikin gwamnati na dindindin.

Ke nan hawa biyun da aka yaƙa a 1952 ya dawo da sabuwar riga, a wannan karon tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. A zaɓen wakilcin ma'aikata na 2019 CDTN ce ta zo ta farko, amma yawan uwayen ƙungiyoyi ya rage wa muryar ma'aikata ƙarfi. Duk nasarar da aka samu a wannan tarihi, da haɗin kai aka same ta. Matuƙar ɗan kwantaragi na Dungas da cikakken ma'aikaci na Yamai ba su tsaya sahu ɗaya ba, gyaran zai ci gaba da jinkiri, kuma yaran karkara ne za su biya kuɗinsa.