Zare: Daga bishiyar Tenere zuwa GPS, me mai shiga daji da babur ya kamata ya saya?

1/ Masu sha'awar hawan babur a daji da kan duwatsu suna yawan tambaya: na'urar GPS ta hannu zan saya, ko wayata ta isa? Wace manhajar taswira ce ta fi? Ni dai a ganina, duk wanda ya san tarihin abin ba zai sha wuyar zaɓi ba. Ku gyara zama, zaren na da ɗan tsawo.

2/ Mu fara daga hamadar Tenere da ke Nijar. Ayarin raƙuman gishiri masu zuwa Fachi da Bilma daga yankin Agadez sun daɗe suna bin madugu. Shi ya haddace rijiyoyi da taurari da yanayin yashi. A hanyar akwai wata bishiyar ƙaya ɗaya tilo, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga wata ba. Ita ce alamar kowa.

3/ A 1973 wata babbar mota ta buge bishiyar ta faɗi. Ku duba fa, duk faɗin hamadar nan! Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, wurin kuma an kafa ta ƙarfe. Darasin farko ke nan: alamar da ido ke gani tana iya ɓacewa dare ɗaya.

4/ A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a kan babur a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Da kyar aka ceto shi. Maimakon ya tuba, sai ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. An tashi 26 ga Disamba 1978, aka ratsa Aljeriya, aka biyo ta Agadez.

5/ Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka kai Dakar. Kayan neman hanyarsu uku ne: kamfas, ma'aunin kilomita, da littafin hanya mai ɗauke da zane irin "bayan kilomita kaza ka karya dama". Ka kuskure kwana ɗaya, to duk lissafin da ya biyo baya ya rushe.

6/ A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata a wannan tseren a hamadar Aljeriya shi da mutum biyu. Kwana 6 ana nema kafin jirgin sojan Aljeriya ya hango su. Ɗan Firaminista ke nan, da jirage ke nemansa. Ina ga ni da kai?

7/ A can Amurka kuwa, soja na gina wani abu. A 1978 suka harba tauraron GPS na farko. Tsarin: taurarin ɗan adam a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne na zagaya duniya sau biyu a rana yana watso lokaci da matsayinsa. Na'urarka ta ji aƙalla huɗu, sai ta lissafa inda kake.

8/ Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa: na'urar GPS sauraro kawai take yi. Ba ta buƙatar layin waya ko data, amma kuma ba ta aika komai. Kai ka san inda kake, na gida ba su sani ba.

9/ Ya aka yi farar hula suka samu? A 1 ga Satumba 1983 wani jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya kauce hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka Shugaba Reagan ya ce idan aka kammala tsarin za a bar farar hula su yi amfani da shi.

10/ A 1989 kamfanin Magellan ya fito da NAV 1000, na'urar hannu da aka sa a kasuwa kan dala kusan 3,000. Babu taswira a cikinta ko kaɗan. Lambobi take nuna maka, kai kuma ka shimfiɗa taswirar takarda ka nemo kanka. A shekarar ne kuma aka kafa Garmin.

11/ Amma akwai wata ƙulla. Sojan Amurka na gurɓata siginar farar hula da gangan, har na'ura kan yi kuskuren mita 100. A hamada mai faɗi ba damuwa. A hanyar daji inda sawu biyu suka rabu a gindin dutse, mita 100 ta isa ta kai ka wani kwari daban. A Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina.

12/ Tseren Dakar ya fara amfani da GPS a 1992. Daga baya masu shiryawa suka taƙaita ta: na'urar ba ta nuna maka zango sai ka matso kusa da shi, sauran aikin na littafin hanya ne. Dalili? Da kibiya a gaban kowa, gwanintar neman hanya ta tashi daga tseren.

13/ To amma kibiya layi miƙaƙƙe take nunawa. Ba ruwanta da kogin da ya kawo, ko rami, ko tudun yashin da zai haɗiye tayarka. Mai babur a daji sawu yake buƙata, wato layin da wani ya riga ya bi, na'urarsa ta rubuta shi ɗigo bayan ɗigo. Hausawa sun ce na gaba idon na baya.

14/ Nan ne shekarar 2002 ta shigo. Aka fito da GPX, tsarin fayil da kowace na'ura za ta iya karantawa. Abokinka ya bi hanya ya turo maka fayil ɗin, ka ɗora a taka na'urar ko da kamfaninku ba ɗaya ba ne. A wajena wannan ɗan fayil ya fi wata sabuwar na'ura taimakon masu shiga daji.

15/ A 2004 Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Ingila, taswirar da kowa ke iya ƙara wa hanya. Google Maps ta zo a 2005, amma ƙarfinta a titin gari yake. Manhajoji irin OsmAnd da Organic Maps a kan OpenStreetMap suka dogara, kuma suna bari ka sauke taswirar ƙasa guda ka yi aiki da ita ba intanet.

16/ Daga wajajen 2008 wayoyi masu GPS a ciki suka fara yawaita. Yau yawancinsu na jin taurarin Rasha (GLONASS), na Turai (Galileo) da na China (BeiDou). Wato wajen gano inda kake, wayar da ke aljihunka ta wuce NAV 1000 nesa ba kusa ba. To me ya rage wa na'urar hannu?

17/ Juriya. Waya a kan kan babur cikin rana tana zafi, ta rage hasken fuska ko ta kashe kanta. Ƙura na shiga wurin caji. A 2021 Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur mai ƙarfi na iya lalata kyamarar iPhone. Ga fuskar taɓawa da ba ta jin safar hannu da gumi.

18/ Na'urori irin Garmin eTrex kuwa da batir AA guda biyu suke aiki, irin wanda za ka samu a teburin mai shago a ƙauye. Maɓallai ne da su, fuskar tana karantuwa a tsakar rana. In ka ga an rubuta IPX7, ma'ana ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Aibinta: fuska ƙarama, ga kuɗi.

19/ Shawarata a jere take. Fara da taswira kafin na'ura. Buɗe manhajar a gida, ka duba yankin da ka sani kamar tafin hannunka. Hanyar ƙauyenku ta fito? Rafin yana nan? In taswirar fanko ce a inda ka sani, na'urar dubu ɗari nawa ba za ta cike gurbin ba.

20/ Na biyu: ta iya shigar da GPX da fitar da shi, ta rubuta sawunka tun daga tashi, ta iya mayar da kai ta kansa. Na uku: gwada ta ka kashe data gaba ɗaya. Na huɗu: in za ka haɗa da tsohuwar taswirar takarda ta Najeriya, da yawansu a ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuma WGS84. Ka daidaita saitin, in ba haka ba wurin zai goce.

21/ Yawon yini ɗaya kusa da gari? Tsohuwar waya mai taswirar da aka sauke, maƙalli mai rage girgiza da batirin ajiya sun wadatar. Tafiyar kwanaki inda ba wuta ba sabis? Na'urar hannu a kan babur, waya a kashe cikin jaka. Abu ɗaya kada ya zama shi ne taswirarka, shi ne kuma abin kiran taimakonka.

22/ Mu koma lamba 8. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawanci mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. A wuri irin wannan, sanin inda kake ba ya ceto sai labarin ya kai ga wanda zai zo.

23/ Shi ya sa aka yi na'urori irin inReach, masu aika saƙo ta tauraron ɗan adam, da kuɗin wata-wata. Ka binciki dokar ƙasar da za ka shiga kafin ka ɗauka, don wasu na hana su. In ba ka da halinta, tura wa wani a gida fayil ɗin hanyarka, ka faɗa masa ƙarfe nawa zai fara nemanka.

24/ Akwai kuma abin da babu taswirar da ke nunawa: wane daji ne ba a shiga yanzu, wace ƙaramar hukuma ce aka hana hawan babur, wace gada ce ruwa ya cinye a daminar bana. Wannan a bakin mutanen wurin yake. Matambayi ba ya ɓata. Ka tsaya, ka yi sallama, ka tambayi ɗan acaɓan garin.

25/ Wanda ya taɓa gwada wata manhaja a hanyoyin ƙauye, ya faɗa mana yankin da yadda taswirar ta kasance. Wanda kuma ya rubuta sawun hanyar da babu ita a OpenStreetMap, don Allah ya ɗora ta, na baya su amfana. Allah ya tsare hanya.