Alseshan a Nima: Asalin Karen Kiwo da Halinsa

A farkon shekarun 1930, Nima fili ne a bayan birnin Akra, wanda mutanen zango ke kira Ankara. Malam Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya nemi wurin daga hannun wani gida na ƙabilar Ga ta Osu, domin shanu su huta su yi kiwo kafin a kai su kasuwa. Da sanda da murya makiyayan wancan zamani ke bi da garke. A wurinsu aikin kare farauta ne da gadi, ba kiwo ba. Yau kuwa, da Nima da Maamobi suka cika maƙil, wani karen kiwo na ƙasar waje ya zama abin sha'awar matasa, ganin shi ke gadin manyan gidajen da ke kewaye da su. Shi ne ake kira Alseshan.

Asalinsa Jamus ne. A 1899 wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya sayi kare a wani baje koli, ya raɗa masa suna Horand, ya kuma kafa ƙungiyar raya wannan iri. Aikin kakannin Horand shi ne sassarfa a gefen garke tun safe har yamma, su hana tumaki faɗa wa gonaki. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Turawan Ingila suka ƙi sunan Jamus, suka danganta karen da yankin Alsas. A 1977 suka maido masa da sunansa, amma a Gana da Najeriya laƙabin ya riga ya zauna.

Hali zanen dutse. Kiwo ne ya gadar masa da kaifin basira, da biyayya ga ubangidansa, da rashin sakin jiki da baƙo. Waɗannan su suka sa 'yan sanda da sojoji suka karɓe shi. Su ne kuma ke zama masifa idan aka ɗaure shi da sarƙa yini guda: sai ya ƙosa, ya yawaita haushi, wata rana ya kai cizo.

Namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40, don haka cinsa ba na wasa ba ne. Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, saboda haka a zafin Akra sai da inuwa da ruwa a kowane lokaci, yawo kuma da asuba ko da almuru. Yana bukatar a taje shi, a cire masa kaska, a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. Irinsa na yawan fama da ciwon ƙugu, shi ya sa ake binciken lafiyar iyaye kafin a sayi kwikwiyo. Tun yana ƙarami ake saba masa da yara da baƙi.

A gidan haya na Nima, inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, wasunsu kuma na ƙyamar kare ya kusanci wurin sallarsu, waɗannan sharuɗɗa na da wuyar cikawa. Filin da Malam Futa ya samar wa shanu ya daɗe da zama ɗakuna da lunguna. Wanda zai kawo Alseshan cikinsu, sai ya fara shawartar maƙwabta, ya kuma san inda karen zai yi gudu kowace rana.