Bakolori: Abin da Niyya Ta Ɗauka da Abin da Manomi Ya Girba

A farkon shekarun 1970 abubuwa biyu suka haɗu a Nijeriya. Fari ya addabi Arewa daga 1972 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur suka cika baitulmali. Gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta yanke shawarar gina manyan madatsun ruwa domin a riƙa noma rani da damina, a daina dogaro da alkamar waje. Babu mai hankalin da zai soki wannan manufa.

A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Shekara guda bayan haka kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara aikin madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aka kammala a 1978. An tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000.

Amma a ƙasa, labarin ya sha bamban. Tafkin ya shanye gonaki da gidajen dubban mutane a yankin Maradun, aka mayar da su kan tudu mai ƙarancin albarka. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman ranin kuwa, an hana su shuka na tsawon damina biyu zuwa uku ana baje ƙasa da haƙa magudanai. An sare itatuwan da suke amfana da su, diyya ta yi jinkiri, wasu kuma ba su ga ko kwabo ba. Da aka zo sake rabon filaye, da yawa ba su samu gonakin da suka gada ba.

Manoma suka kai kuka, ba a saurare su ba, sai suka fara tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa ƙauyukan yankin, ciki har da Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike sun ce sun haura 380.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga jarida ba. Fadamun da ke ƙasan madatsar sun dogara ne da ambaliyar kowace shekara, wadda ke jiƙa ƙasa ta bar taki. Masanin nan ɗan Ingila, William Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka, ya tarar cewa bayan an datse kogin ambaliya ta ragu, manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero, noman rani na gargajiya ya ja baya, kamun kifi ya ragu. Ba a saka waɗannan mutane cikin lissafin ribar aikin ba. Cikin filin aikin kansa, na'urorin feshin ruwa da aka tanada domin mafi yawan gonakin sun lalace, har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014 domin gyara.

Abin lura shi ne, duk wani ma'auni da gwamnati ta yi amfani da shi ya nuna nasara: an ware kuɗi, an ba da kwangila, an kammala gini, an yanke ƙyalle. Ma'aunin da ba a ɗauka ba shi ne na buhu nawa manomi ya kai gida kafin madatsar, nawa kuma ya kai bayanta, idan an haɗa da na sama da na ƙasan kogi. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, na rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban-ruwa, ba shi da wani katafaren ginin da za a ɗauki hoto a gabansa, amma ya bar gona da ruwa a hannun manomi.

Niyyar shugaba tsakaninsa ce da Ubangijinsa, ba mu da hanyar auna ta. Abin da ke hannunmu shi ne sakamako. Saboda haka idan ɗan siyasa ya zo yana lissafa biliyoyin da ya ware da ayyukan da ya ƙaddamar, sai mu tambaye shi: wa ya amfana, wa ya yi asara, kuma wa ya je ya ƙirga bayan shekara biyar? A Bakolori, an amsa waɗannan tambayoyi ne bayan an binne mutane.