Gida da Zaure: Tarihin Karatun Ƙananan Yara a Takieta da Ƙasar Damagaram

Garin Takieta, wanda ke kimanin kilomita 50 yamma da birnin Zinder, a mararrabar da hanyar Tasawa da Maraɗi ta haɗu da wadda ta gangara kudu zuwa Matamaye da iyakar Najeriya, yana cikin ƙasar noman gero da ta kasance ƙarƙashin sarakunan Damagaram a ƙarni na 19, kuma a 2011 ne aka cire shi daga gundumar Mirya ya zama gunduma mai zaman kanta. Tarihin wannan yanki, kamar yadda André Salifou ya tattara shi a littafinsa na 1971 a kan Damagaram, ya fi ba da ƙarfi ga sarauta da yaƙi da fatauci, domin su ne abubuwan da maroƙan fada suka riƙe, su ne kuma baƙin Turawa irin su James Richardson da Heinrich Barth suka rubuta lokacin da suka ratsa Zinder tsakanin 1851 da 1853. Amma mafi yawan abin da ɗan wannan ƙasa ya sani kafin ya kai shekara bakwai, a cikin gida ya koye shi, daga bakin mutanen da ba a kiransu malamai, kuma bisa wani tsari da ya raba yinin yaro tsakanin aiki da karatu ta yadda ɗaya ba ya cin rabon ɗaya.

Tarbiyya tana farawa ne tun daga ranar suna, wato rana ta bakwai da haihuwa, lokacin da liman yake raɗa wa jariri suna, wanzami kuma ya yi masa askin farko. Daga nan har zuwa yaye, wanda ake yi idan yaro ya doshi shekara biyu, bayan uwarsa ne mazauninsa, yana tare da ita wajen daka da ɗiban ruwa da girki. Sai dai al'adar kunya, wadda ta hana uwa da uba kiran sunan ɗan fari ko nuna masa so a gaban jama'a, ta sa renon yaro bai taɓa zama aikin iyayensa su kaɗai ba. Wurin kaka ake kai shi yaye, kuma sau da yawa yakan zarce a hannunta. Wani kuma a ba da shi riƙo ga gwaggo ko kawu ko kishiyar uwa wadda ba ta samu haihuwa ba. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa masu aure suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, duk babban da ke cikin gida yana da ikon tsawata wa kowane yaro, kuma abin kunya ne uwa ta fito tana kare ɗanta.

Malamar farko ta haƙiƙa, wadda ba a cika ambata ba, ita ce yayar yaro mai shekara shida ko bakwai da ake goya mata shi idan uwa ta tafi gona ko rijiya. Daga gare ta yake ɗaukar magana da wasa, da yadda ake durƙusawa a gaida manya, da cin abinci da hannun dama. Da dare kuma, musamman bayan kaka ta yi an kai amfanin gona gida, tsofaffin mata sukan tara jikoki a yi tatsuniya da kacici-kacici, inda wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi suke koya wa yaro sakamakon haɗama da ƙarya, yayin da karin maganar da ke cikin labarin take gyara masa harshe. Hanin da ake yi wa yara na yin tatsuniya da rana yana da ma'ana a wannan tsari, tun da rana ta aiki ce.

Aikin kuwa yana zuwa ne a hankali, gwargwadon ƙarfin hannu. Yarinya tana farawa da tsintsiya da ƙaramar taɓarya, ta wuce zuwa surfe da tankaɗe da kaɗin auduga da mazari, sannan talla, wadda a cikinta take koyon lissafi da ciniki. Yaro yana farawa da kiwon awaki da korar tsuntsaye daga gero, ya bi sawun manya ranar shuka yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, kafin a ba shi hauya da 'yar gayauna, wato ƙaramar gonar da amfaninta nasa ne. Ɗan maƙeri yana zuga zugazugi tun kafin ya iya ɗaga masaba, haka ma 'ya'yan majema da dukawa waɗanda aikin fatarsu ya fitar da sunan Zinder.

Karatun addini ya shigo wannan tsari ta ƙofar zaure, ɗakin shiga gida wanda shi ne iyaka tsakanin cikin gida da waje. Asalin gidan sarautar Damagaram kansa ana danganta shi da wani malami, Malam Yunus, wanda ya fito daga wajen Barno a farkon rabin ƙarni na 18, kuma masarautar ta daɗe tana biyayya ga Barno kafin ta ƙasaita a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Saboda haka salon karatun Alƙur'ani na Barno ne ya kafu a ƙasar, da ruwayar Warshu da irin rubutun da ake yi wa allo. A ƙauye, makarantar allo ba ta da wani gini nata. Zauren malami ce ko inuwar bishiyar ƙofar gidansa, malamin kuma sau da yawa uba ne ko kaka ko maƙwabcin yaran da yake karantarwa, yana noma gonarsa kamar kowa.

Yaro mai shekara huɗu ko biyar yakan fara bin yayyensa ne ba tare da allo ba, yana zaune a gefe yana kama Fatiha da gajerun surori da ka, daga Nasi zuwa sama. Idan ya kai wajen Suratul Fili sai a ba shi allo, a fara masa babbaƙu, wato sanin haruffa ba tare da wasali ba, inda kowane harafi yake da sunan da siffarsa ta ba shi, kamar alu da ambaki da mim jaye da ha kuri. Malami yana kama ɗan yatsan yaron yana ɗora shi a kan harafi ɗaya bayan ɗaya, yaron yana faɗa da ƙarfi. Bayan babbaƙu sai farfaru, wato haɗa harafi da wasalinsa, daga nan sai karatu ya miƙe. Kayan aikin duka na gida ne: allo daga hannun masassaƙi, alƙalami daga tsinken gamba da aka fere, tawada daga gawayi da ƙaro don ta wanku da sauƙi. Ba a wanke allo sai yaro ya biya abin da ke kai ba gargada, ruwan wankin kuma ba a zubar da shi inda ƙafa za ta taka. Cikin gida yana da hannu a kowane mataki, domin uwa ce take ba da kuɗin Laraba ko ɗan hatsin da ake kai wa malami kafin hutun Alhamis da Juma'a, ita ce kuma take dafa abincin sadaka duk lokacin da yaro ya kai wata babbar sura, har zuwa ranar sauka da aka gama izu sittin, aka zayyana allo aka yi walima.

Abin da ya sa wannan karatu ya zauna lafiya da rayuwar gida shi ne lokutan da ya zaɓa. Ana zama da asuba kafin a saki dabbobi, a koma bayan azahar, a sake zama da dare a gefen wutar karan da yaran suka ɗebo da kansu. Hantsi kuwa na gona ne da kiwo, kuma da damina karatun yakan ja baya har a yi girbi. Wadda ta fi cutuwa da wannan rabo ita ce yarinya, wadda goyo da talla da auren wuri sukan tsayar da karatunta a surorin salla, in ban da a gidajen malamai, inda matan gida masu ilimi suke karantar da 'yan mata a cikin ɗaki, wasu har su sauke. Yaron da aka ga yana da kai shi ne ake miƙa wa malami ya tafi da shi cirani ko gabas neman hadda, kuma wannan ba ya faruwa sai ya wuce shekarun ƙuruciyar farko.

Bayan kisan wani jami'in Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder a 1898, sojojin Faransa suka karya rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a ƙarshen watan Yulin 1899 a Tirmini, wanda yau yake cikin gundumar Takieta, kuma daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai. Tare da wannan mulki lakwal ta zo, wato makarantar boko ta Faransanci, wadda aka ɗora wa sarakuna da masu gari nauyin samo mata yara. Iyaye sun riƙa ɓoye 'ya'yansu, masu iko kuma suna tura 'ya'yan barori a madadin nasu. An saba fassara wannan ƙiyayya da tsoron kada yaro ya bi addinin Nasara, kuma tsoron ya kasance da gaske, amma akwai dalili na biyu da ba a ba shi haƙƙinsa ba: lakwal ta nemi hantsin yaro da yininsa, daga Oktoba, lokacin da ake tsakiyar girbi, har zuwa Yuni, ta ɗauke mai kiwo da mai goyo daga gidan da ba shi da wanda zai maye gurbinsu, ta kuma yi masa magana da harshen da babu mai jin sa a gidan. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, abin da ke nufin kusan duk 'ya'yan ƙauyukan Damagaram a gida da zaure suka ci gaba da tashi.

Gwamnatocin bayan 'yanci sun yi ƙoƙarin rage wannan tazara, inda aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Zinder a 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A daidai wannan zamani farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka raunana gandu, magidanta suka yawaita tafiya cirani Najeriya da Libiya, har ya zama ana tura yara almajiranci tun suna ƙanana fiye da da, galibi saboda rumbu ya kasa kai gida damina. Daga shekarun 1980 makarantun Islamiyya, masu aji da benci da allon bango, suka bazu daga Najeriya, suka buɗe wa 'yan mata da matan aure ƙofar karatu fiye da yadda zaure ya yi. A ƙauyukan Takieta na yau ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗaya ya biya allonsa da asuba, ya tafi wurin mushe, wato malamin lakwal, da hantsi, ya je Islamiyya da la'asar, yayin da ƙanensa da bai isa shiga ko ɗaya ba yake hannun kaka, ko a bayan yayar da aka tsayar a gida domin ta goya shi.