Haɗa igiyoyin jan-nauyi da taswirar haidurojin

Haɗa igiyoyin jan-nauyi da taswirar haidurojin wata hanya ce da masana ilimin taurari ke bunƙasawa domin auna saurin faɗaɗar sararin samaniya, wato ma'aunin Hubble. Awon yana buƙatar sanin abu biyu: nisan wani abu daga Duniya, da kuma saurin da yake ƙara nisa. Igiyoyin suna ba da na farko, taswirar ta ba da na biyu.

Igiyoyin jan-nauyi

Waɗannan girgiza ce da ke ratsa sarari idan abubuwa masu tsananin nauyi, kamar baƙaƙen ramuka biyu, suka haɗe. Albert Einstein ya yi hasashensu a 1916, na'urar LIGO ta Amurka kuma ta fara gano su ranar 14 ga Satumba, 2015. Tun a 1986 Bernard Schutz ya nuna cewa ana iya sanin nisan tushensu daga siffarsu da ƙarfinsu. Haɗuwar taurarin niyutiron biyu a ranar 17 ga Agusta, 2017 ta zo da haske, har aka gano gungun taurarin da ta faru a ciki. Yawancin haɗuwar baƙaƙen ramuka kuwa ba ta da haske, don haka ba a sanin gungun.

Taswirar haidurojin

Iskar haidurojin tana fitar da siginar rediyo mai tsawon santimita 21, wadda aka fara kamawa a 1951. Faɗaɗar sarari tana miƙar da wannan tsawo, miƙewar kuma ita ke nuna saurin nisantar. Na'urorin CHIME a Kanada da MeerKAT mai faranti 64 a Afirka ta Kudu suna zana irin wannan taswira. An fara gina babbar na'urar SKA a 2022.

Muhimmanci

Haidurojin da baƙaƙen ramuka duk suna taruwa ne a inda gungun taurari suke. Idan aka daidaita taswirorin biyu, za a samu alaƙar nisa da sauri ko da babu haske. Ana fatan hakan zai warware saɓanin da ke tsakanin awon tauraron ɗan Adam na Planck, kimanin kilomita 67 a daƙiƙa a kowane megafasek, da awon taurari na kusa, kimanin 73. Babban cikas shi ne siginar rediyon gungunmu, wadda ta ninka ta haidurojin sau dubbai.