Aku a keji: yadda maganinsa ya iso Duwala

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya fitar a 1937, zai ɗauka aku tsuntsun ƙasar Hausa ne, tun da har wazirci aka ba shi a ciki. Alhali kuwa baƙo ne. Abin da dajin arewa ya sani shi ne tsirya, 'yar koriya mai yawan tsiwa. Shi aku mai launin toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, mazauninsa ya kama daga Gana, ya ratsa kudancin Kamaru da Kwango, har yammacin Kenya. Fatake ne suka riƙa haurawa da shi arewa tare da kayan kurmi, ya zama abin ƙawa a gidajen sarauta da na attajirai.

Mu da kakanninmu suka gangaro kudu, a ƙofar gidansa muka sauka. Tun da Jamusawa suka tsaga New Bell gab da yaƙin 1914, unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa suka kafa zangonsu da masallacinsu, daga baya jama'a ta malala cikin fadamar Nylon. A nan aku ba abin mamaki ba ne. Ana rataye kejinsa a ƙofar shago ko a zaure, yana sallama, yana kwaikwayon tarin maigida. Malamanmu ba su hana ba, suna kafa hujja da ɗan tsuntsun da ƙanen Anas ɗan Malik yake wasa da shi a Madina, amma da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. To, wannan sharaɗi na uku shi ne ya daɗe ba mai ilminsa.

Dalili kuwa, aikin likitan dabbobi a ƙasashenmu saniya ya biyo. Don yaƙi da bushiya aka kafa cibiyar Vom a Nijeriya a 1924, kuma babbar allurar shanu ta haɗin gwiwa da aka fara a 1962 ta haɗa Kamaru da Nijeriya da Nijar da Cadi ne saboda garke. Ɗakin binciken LANAVET da aka buɗe kusa da Garwa a 1983 shi ma dabbobin kiwo ya sa gaba. Kaza ta samu shiga saboda kuɗin da ke cikinta, musamman bayan murar tsuntsaye ta ɓulla a Marwa a 2006, ta sake dawowa gonar Mvog-Betsi ta Yawunde a 2016. Aku dai ba shi da kowa. In ya yi laushi, sai a jiƙa masa barkono ko ɓawon maɗaci, irin abin da ake yi wa kaji da tattabaru, in ya mutu a ce kwanansa ne ya ƙare.

Turawa kuwa tsoro ne ya koya musu. A 1929 da 1930 wani zazzaɓi mai kama huhu ya bi tsuntsayen da aka kwaso daga Kudancin Amurka, ya kama mutane wajen 800 a ƙasashe da dama, fiye da 100 suka mutu, har Amurka ta hana shigo da aku a farkon 1930. Shi ne zazzaɓin aku. Ƙwayar cutar tana fita cikin kashin tsuntsu, in ya bushe ya zama ƙura mai shara ya shaƙa. Tsuntsun yana iya ɗauke da ita bai nuna komai ba, sai wahala da cunkoso sun raunana shi.

Cunkoson kuwa Duwala ta gan shi da idonta. Shekaru da yawa Kamaru tana da iznin fitar da aku 12,000 duk shekara, ban da na ɓoye. Yadda ake kama su a kurmin gabas, wajen dajin Lobeke, shi ne tushen ciwon: a shafe sanda da danƙo, a ɗaure aku ɗaya a kusa yana kuka, 'yan'uwansa su sauko su maƙale. Sai a datse musu fukafukai, a cusa su cikin akwatuna marasa tsawo, kwana da kwanaki ba isasshen ruwa. Da yawa ba sa kai wa bakin teku. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda mura, ta mayar da hanin na dindindin a 2007, amma 'yan fasa-ƙwauri suka karkata zuwa wasu kasuwanni.

A ƙarshen 2007 aka kama kaya biyu a filin jirgin saman Duwala, aku fiye da 1,200. Aka kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe, wadda aka kafa a 1993 domin birai da gwaggon biri, ba ta taɓa shirya wa tsuntsaye masu yawa haka ba. A ganinmu, a nan ne maganin aku ya fara zama sana'a a ƙasar nan. Aka ware masu ƙoshin lafiya aka sake su, aka riƙe sauran. Aka ba su maganin zazzaɓin aku, wanda ƙa'idarsa takan kai kwana 45. Abu mafi ban sha'awa shi ne aikin gashi. Gashin da aka datse ko danƙo ya lalata ba ya sake tsirowa sai tsohon ya faɗi da kansa, wanda kan ɗauki watanni masu yawa. Sai likitoci suka riƙa sa tsuntsu barci da magani, suna cire mataccen gashin ɗaya bayan ɗaya domin sabo ya fito, ya iya tashi. Aikin haƙuri ne, irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa. A farkon 2010 aka sake kama wajen 1,000 a filin jirgin, aka sake nufar Limbe da su.

Daga nan doka ta tsananta. Bincike ya nuna Gana ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na akunta tun daga 1992. A watan Oktoba na 2016, taron yarjejeniyar CITES a Johannesbag ya haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2017. A Kamaru yanzu yana cikin dabbobin da doka ta ba cikakkiyar kariya, kamawa ko sayarwa na iya kai mutum gidan yari. Matasanmu masu bin hanyar Garwa da Marwa su san wannan kafin wani ya ba su saƙon kwali mai ramuka.

Saura waɗanda suka tsufa a gidajenmu, don aku kan yi shekara 40 ko fiye. Abin da likitoci suka gano shi ne yawancin ciwonsu daga kwano yake. Gyaɗa zalla ba ta riƙe shi: ƙashinsa kan yi rauni, har ya riƙa faɗowa daga sanda yana makyarkyata. A damshin Nylon kuma gyaɗa ba ta jimawa take yin funfuna, funfunar ta shiga huhunsa. A kurmi 'ya'yan kwakwar manja yake ci, ga su kuwa tuli a kasuwa. Yana buƙatar ganye da gwanda da hantsin safe, a kuma nisanta shi da fiya da hayaƙin gawayi. In an ga yana tsige gashin ƙirjinsa, sau da yawa kaɗaici ne, domin a daji cikin garke yake kwana. Mai share keji ya yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya, in kuma zazzaɓi da tari suka kama shi, ya gaya wa likita cewa akwai aku a gidan.